Uban Juliyat: Ya Sami “Na Yarda”, Ya Rasa Ɗiya

Ran nan a ajinmu na nan Jega muka kai ƙarshen wasan kwaikwayon nan na Shekisfiya da a ke kira Romiyo da Juliyat. Da muka rufe littafi sai na dubi yara na ce, “To, wa ya kashe yarinyar nan?” Aji ya ɗauka gaba ɗaya. Waɗansu suka ce ita ta kashe kanta, ga wuƙa nan a hannunta. Waɗansu suka ce tsohuwar gabar da ke tsakanin gidajen nan biyu ita ta ci ta. Can sai wani yaro mutumin Maiyama, wanda bai cika magana ba, ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ni dai kowa za a zarga, ban da uban. Ya samo mata miji ɗan sarauta, saurayi, mai dukiya, mai hali. Da babanmu zai samo wa ƙanwata irinsa, ai sai mu yi ta godiya.” Wata yarinya daga layin baya ta ce, “Malam, ya tambaye ta?” Ba ta ƙara ko kalma guda ba, aka buga ƙararrawa, muka tashi.

Na koma gida maganganun nan biyu suna yi mini yawo a ka, don na ga kowa a cikinsu da tasa gaskiyar. Saboda haka na sake buɗe littafin, na ƙyale masoyan nan biyu da kowa ya ke kallo, na bi sawun tsohon nan Kafulet tun daga shigowarsa har fitarsa. Abin da na gani shi na ke so in shimfiɗa muku a wannan shafi. Ku da ku ke karatu yau ku ne iyayen gobe, wata rana kuwa wani zai turo manyansa zaurenku neman ɗiyarku.

MAWALLAFIN DA WASANSA

An haifi Shekisfiya a Ingila cikin 1564, ya rasu cikin 1616. Ya rubuta wasan nan wajen 1595, aka fara buga shi cikin 1597. Ba shi ya ƙago labarin ba. Tsohon labari ne na mutanen Italiya, wani Bature wai shi Buruk ya mai da shi doguwar waƙa da Turanci cikin 1562, daga nan Shekisfiya ya ɗauko. Amma ya sake abu biyu, su ne kuwa ƙashin bayan maganarmu. A waƙar Buruk labarin ya ɗauki watanni, shi kuwa ya matse shi cikin 'yan kwanaki, an fara ran Lahadi da safe, ba a zagayo wata Lahadi ba har an gama kome. A waƙar Buruk yarinyar ta kusa shekara 16, shi kuwa ya rage mata, ya ce saura mako biyu da 'yan kwanaki ta cika 14.

Kada ku zaci haka mutanen Ingila su ke aurar da 'ya'yansu a zamanin nan. Ko da ya ke doka ta yarda yarinya ta yi aure tana da shekara 12, yawancin talakawa ba su yi sai sun wuce 20. Watau waɗanda suka fara kallon wasan nan a Landan sun san ƙaramar yarinya a ke nuna musu. Shekisfiya kansa yana da 'ya'ya mata biyu. An haifi babbar, Suzana, cikin 1583, ashe sa'ad da ya ke rubuta wasan shekarunta sun yi kusa da na Juliyat. Uba ne ya zauna ya rubuta uba, shi ya sa bai yi shi dodo ba.

Ga labarin a taƙaice, domin waɗanda ba su kai gare shi ba tukuna. A birnin Barona akwai manyan gidaje biyu masu gaba da juna, gidan Mantagu da gidan Kafulet. Romiyo ɗan Mantagu ya ga Juliyat ɗiyar Kafulet wajen wata liyafa, suka so juna, washegari wani limamin Kirista, Fada Lorans, ya ɗaura musu aure a ɓoye. A ranar nan kuwa faɗa ya tashi, Taibal ɗan'uwan Juliyat ya kashe abokin Romiyo, Romiyo ya kashe Taibal, Sarki ya kore shi daga gari. Kafulet bai san ɗiyarsa ta yi aure ba, ya ba da ita ga Faris, wani ɗan'uwan Sarki. Don ta tsira, Fada ya ba ta wani magani da zai sa ta zama kamar gawa har awa 42. Takardar da aka aika a sanar da Romiyo ba ta isa ba, ya ji wai ta mutu, ya zo kabarin ya sha dafi. Ta farka ta ga gawarsa, ta soki kanta.

KAFULET NA RAN LAHADI

Kashi na ɗaya, fitowa ta biyu, nan mu ke fara jin bakin Kafulet a kan aure. Faris ya zo neman Juliyat. Tsohon ya gaya masa yarinyar ba ta san duniya ba tukuna, a bari a ƙara shekara biyu. Faris ya ce ai waɗanda ba su kai ta ba ma sun haihu. Kafulet ya amsa masa da cewa aurar da yarinya da wuri shi ke lalata ta da wuri, ya kuma gaya masa duk 'ya'yansa ƙasa ta rufe su, ita kaɗai ta rage masa. Sa'an nan ya ce Faris ya je ya nemi zuciyarta, gama yardarsa shi uba wani yanki ce kawai na tata yardar, wanda ta zaɓa shi zai sa wa albarka.

Jama'a, wace magana ta fi wannan daɗi a bakin uba? Da a nan wasan ya ƙare, da sai mu rubuta sunan Kafulet a allo mu ce yara su yi koyi da shi. Har wa yau a daren nan, wajen liyafa, Taibal ya gane Romiyo ya shigo gidansu, ya tashi zai yi faɗa. Kafulet ya tsawata masa, ya ce a ƙyale yaron, gama mutanen gari suna yabonsa da natsuwa da kirki. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Mutumin da ke iya yabon ɗan abokin gabarsa a cikin gidansa ba mugu ba ne.

Amma akwai ɗan rami a nan wanda ba a cika lura da shi ba. Kafin liyafa uwar Juliyat ta kira ta, ta ce ta dubi Faris da kyau yau da dare, ta ga ko zai kwanta mata. Yarinyar ta ce za ta duba, ba kuwa za ta wuce iyakar da iyayenta suka yi mata ba. Aka yi liyafa aka watse. To, duk cikin wasan nan babu inda uwa ko uba suka komo suka ce, “Kin gan shi, yaya?” An ba ta tambaya, ba a zo karɓar amsa ba.

KAFULET NA DAREN LITININ

Kashi na uku, fitowa ta huɗu, gajeruwa ce ƙwarai, har 'yan wasa su kan gaggauta ta. Ni kuwa a ganina a nan ne aka haƙa kabarin Juliyat. Dare ya yi, an kashe Taibal ɗazu da rana, Faris ya zo. Kafulet ya ba shi haƙuri, ya ce saboda rasuwar nan ba su sami damar yi wa yarinyar magana ba. Faris ya yi sallama zai tafi. Uwar ta ce gobe da sassafe za ta ji ta bakinta. Magana ta ƙare ke nan, saura kwana guda a san gaskiya.

Sai Kafulet ya tsai da baƙo. Ya ce shi zai yi ƙundunbala ya ba da soyayyar ɗiyarsa, yana zaton za ta bi umurninsa a kan kome, kai, ba ya ma shakka. Ya tambaya yau wace rana ce, aka ce Litinin. Ya ce Laraba ta yi kusa, a sa Alhamis. Dubi yadda shekara biyu ta koma kwana uku a bakin mutum guda, tsakanin jiya da yau! Mu masu kallo kuwa mun san abin da bai sani ba, a sa'an nan mijin ɗiyarsa yana ɗakinta a bisa bene.

Me ya juya shi? Faris ya faɗi dalili guda daga baya, ya gaya wa Fada uban yana tsoron yawan kukan da ta ke yi, yana so biki ya share mata hawaye. Kafulet ya zaci Taibal ta ke yi wa kuka, alhali kuwa korar Romiyo ce ta fi ci mata rai. Watau ya ga ciwo, bai tambayi mai ciwo ba, ya ba da magani. Ni kuma ina ganin wani dalili na biyu, ko da ya ke wasan bai faɗe shi baro-baro ba. Gidan da ya rasa jarumin saurayinsa yau, kuma Sarki yana fushi da shi, zai so surukuta da jinin Sarki gobe. Kowanne aka ɗauka cikin biyun, babu mugunta a ciki. Gaggawa ce, da kuma zaton cewa zuciyar ɗiya tana cikin aljihun uba.

SAFIYAR TALATA

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Tun da Kafulet ya furta ranar biki a gaban ɗan sarauta, al'amarin ya tashi daga neman alherin Juliyat, ya koma tsare mutuncin Kafulet. Wanda bai gane wannan ba zai yi mamakin fushin da ya biyo baya.

Ya shigo ɗakinta da taushin baki, yana yi mata ba'a a kan yawan hawaye. Da uwar ta ce masa yarinyar ta gode amma ba ta so, sai ya zama wani mutum dabam. Juliyat ta durƙusa bisa gwiwoyinta, ta roƙe shi ya yi haƙuri ya ji kalma guda daga bakinta. Ya hana ta. Ya ce kada ta yi magana, kada ta mayar masa da amsa, hannunsa na ƙaiƙayi. Ya zage ta, ya ce dā suna ganin ɗiya guda ta yi musu kaɗan, ashe ita ma ta yi yawa. Matar da ta yi renonta ta sa baki, ya kore ta. Uwar da kanta ta ce ya cika zafi, bai saurara ba. Ya ce in dai ita tasa ce, zai ba da ita ga abokinsa, in kuwa ba tasa ba ce, ta je ta yi bara ta mutu a titi. Maganarsa ta ƙarshe kafin ya fita ita ce ba zai zama mai ta da alkawari ba.

Ku lura da gwanintar mawallafin a nan. A tsakiyar zagin nan ya sa tsohon ya faɗi abin da zai ba kowane uba tausayi, cewa dare da rana, cikin aiki da cikin hutu, ba shi da wani tunani sai yadda zai sama mata miji na gari, ga shi ya samu an watsa masa ƙasa a ido. Gaskiya ya faɗa. Faris kuwa ba shi da aibi, har shi ne ya zo da dare yana zuba furanni a kabarinta, a nan ya gamu da ajalinsa. Shekisfiya bai sauƙaƙa mana shari'ar ba. Da ya mai da Faris tsoho ko mashayi, da kowa ya yanke hukunci ya tafi gida. Ya bar zaɓin uban da kyaunsa, don mu ga inda ɓarnar ta ke.

Ɓarnar tana cikin kalma gudan nan da aka hana ta faɗi. Ba mu san abin da za ta ce ba. Watakila jinkiri za ta roƙa, watakila gaskiya za ta fasa. Da ta ce ta riga ta yi aure, lalle da gida ya kama da wuta, amma da babu wanda ya ƙara mutuwa, gama ba a ɗaura aure bisa aure, kuma mutumin nan da bakinsa ya yabi Romiyo shekaranjiya. Bayan fitarsa ta juya ga uwa, ta roƙi a ɗaga bikin wata guda, ko mako guda. Uwa ta ce ta wanke hannunta. Ta juya ga mai renonta, wadda ta san asirin duka, ita kuwa ta ce ta manta da Romiyo ta auri Faris. Ƙofa uku aka rufe mata a safiya guda. Ta huɗu da ta rage ita ce ta Fada da kwalbar maganinsa.

“NA YARDA” TA ƘARYA

Da maraice Juliyat ta komo daga wurin Fada, ta durƙusa ta nemi gafara, ta ce daga yau sai abin da ya ce. Kafulet ya cika da murna. Bai tsaya ya yi mamakin yadda yarinyar da ta yi ta kuka da safe ta sauko da maraice ba. Nan take ya ce a jawo bikin, a yi gobe Laraba. Matarsa ta ce a bari sai Alhamis, ba a gama shiri ba, ya ƙi. Mutumin da ya ce jiya abokai shida sun isa saboda makoki, yau ya aika a ɗauko masu dafuwa 20, ya kwana a tsaye yana kai da kawowa wajen girki har ƙarfe uku na dare. Da gari ya waye, masu kiɗa suna ƙofa, aka tarad da amarya a sandare.

Wannan shi ne abin da wasan ya ke koya mana game da ikon uba, kuma ban san wani littafi da ya nuna shi fiye da haka ba. Tsoro yana iya fitar da “na yarda” daga bakin yaro, ba ya iya fitar da gaskiya. Kafulet ya sami abin da ya nema daidai, ya sami durƙuso, ya sami biyayya, ya sami ranar biki. Abin da ya rasa shi ne sanin abin da ke faruwa a cikin gidansa. Duk wasan nan shi ne mai iko da kowa, shi ne kuma na ƙarshen sani.

WAƊANSU UBANNI BIYU

In muka jera shi da waɗansu za mu fi ganinsa. Kusan a shekarun nan Shekisfiya ya rubuta wani wasa na ban dariya, wanda za mu iya kira Mafarkin Daren Bazara. A cikinsa wani uba, Ijiyus, ya jawo ɗiyarsa Harmiya gaban Sarkin Atina, ya ce a bi masa tsohuwar dokar gari, ko ta auri wanda ya zaɓa ko a kashe ta, tun da tasa ce. Saurayin da ta ke so kuwa bai gaza wancan ga asali ko dukiya ba. A ƙarshe Sarki ya danne nufin uban, aka yi biki. Abin da ya raba wasannin nan biyu, har ɗaya ya ƙare da dariya ɗaya da makoki, shi ne a Atina an kai maganar gaban wanda ya fi uban, ya saurari yarinyar. A Barona kuwa Sarki bai ji labarin ba sai a bakin kabari.

A Faransa kuma, cikin 1668, Moliya ya fito da wasansa na Marowaci. A al'adarsu ta wancan zamani uban amarya shi ke ba da dukiya mai yawa ta bi ɗiyarsa gidan miji. Marowacin nan, Harfagon, ya sami wani dattijo mai shekara wajen 50 wanda ya yarda ya ɗauki ɗiyarsa ba da ko anini ba, sai ya ce a ɗaura a daren nan. Kowace hujja aka kawo masa, ta shekaru ko ta soyayya, amsarsa guda ce, ai ba zai biya kome ba. Irin wannan mun san shi a namu littattafai, gama a Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East dukiyar Malam Shehu ce ta raba Abubakar da Zainab, sharrin abin kuwa ya faɗa kan ɗan da aka haifa.

Harfagon ya ba da ɗiya don kuɗi, Ijiyus don nuna isa. Ba wuya mutum ya yi musu dariya ya ce shi ba haka ya ke ba. Kafulet ne abin tsoro, don ya yi kama da mutanen kirki da muka sani.

INDA WASAN YA GAZA, DA LAIFIN JULIYAT

Ba na so ku ɗauka littafin ba shi da aibi don sunan mai shi ya yi girma. Ƙarshensa ya dogara ga tsautsayi fiye da kima. Wanda aka ba takardar Romiyo an kulle shi cikin wani gida don ana zaton annoba, Fada kuma ya iso kabari a makare da ɗan lokaci kaɗan. Irin wannan ya kan sa mai karatu ya ce ƙaddara ce kawai, ya manta da hannun mutane a ciki. Har wa yau mawallafin ya sallami Kafulet da sauƙi. Fada ya faɗa a gaban Sarki cewa auren tilas aka so a yi mata, amma da tsohon ya buɗe baki, gabar gidaje kaɗai ya yi nadama a kanta. Shi da Mantagu suka yi musafaha, kowa ya yi alkawarin ƙera siffar ɗan ɗan'uwansa da zinariya. Mutum shida sun mutu, ba mu ji uban ya tuna da safiyar Talata ba.

Kada kuma 'yam mata su karanta wasan nan su ce an ba su hanya. Juliyat ta auri mutumin da ta sani kwana guda, a ɓoye, ba da sanin iyaye ba. A shari'ar Musulunci wannan bai zama aure ba, gama babu aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu. Fada Lorans kuma, da ya ke babba, ya ɗaura abin da ya kasa fitowa fili ya kare. Da wannan auren da wancan, duka gaggawa ta haife su. Sai dai nauyin bai zama ɗaya ba, ita shekararta 13, shi kuwa furfura gare shi.

MU KOMO GIDA

Yanzu mu bar Barona mu komo ƙasar Gwandu. Kowane almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san mazhabar Malikiyya ta ba uba ikon aurar da ɗiyarsa budurwa, in ya so kuma ya shawarce ta, amma wani waliyyi wanda ba uba ba sai da izninta, bazawara kuwa sai ta furta da bakinta. Malamai sun bayyana cewa an ba uba wannan iko ne don ana kyautata zaton ya fi kowa tausayinta, shi ya sa a cikin Muhtasar aka yi masa iyaka, ba shi da ikon tilasta mata mijin da zai cuce ta saboda wata nakasa, an kuma so a sanar da budurwa tun da wuri cewa shirunta yarda ne. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Hansa'u 'yar Hizamu, bazawara, wadda ubanta ya aurar ba ta so, ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Ku kuma 'yan makarantun Mishan kun san a coci sai an tambayi amarya a gaban jama'a ta amsa da bakinta. Ko'ina aka duba, ɗiya amana ce a hannun uba. Hajar da a ke kasawa a kasuwar Jega ita ce mai ita ke sayarwa ga wanda ya ga dama.

Al'adarmu ma ta yi wa abin tanadi. Bahaushe ba ya zama da ɗiyarsa su yi zancen saurayi, balle in 'yar fari ce, akwai kunya. Don haka aka ajiye kaka, wadda a ke wasa da ita, da gwaggo, da inna, su su ke shiga ɗaki su ji cikin yarinya su kai wa maza. Sau da yawa ma baffa a ke bar wa ɗaurin auren, don kada uba ya zama shi ne mai ƙara shi ne alƙali. Gidan Kafulet yana da irin wannan hanya, uwa da mai reno, tsawarsa ce ta toshe ta. A ke cewa tsoro na daji, kunya na gida. In tsoro ya shigo gida ya zauna a mazaunin kunya, shirun yarinya ya daina nuna kome, gama mai so shiru za ta yi, mai ƙi ma shiru za ta yi.

Za a ce mini abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Haka ne, ban musa ba. Amma ku je Aliero wajen masu ɗori, waɗanda a ke zuwa wurinsu daga nesa. Mai ɗori ya fi mai karaya sanin ƙashi nesa ba kusa ba, duk da haka ba ya ɗaure ƙafa sai ya lallatsa ya ce, “Nan ne? Ko nan?” Sanin yana wurinsa, ciwon yana wurin wancan. In ya yi gaggawa ya ɗaure a karkace, sai an sake karyawa, ko kuwa mutum ya mutu da ɗingishi.

A 'yan shekarun da na yi ina koyarwa na ga kujerar yarinya ta zama wofi a tsakiyar shekara ba sau ɗaya ba. Wata na ji tana zaune lafiya a ɗakinta, na yi murna. Wata kuwa ba a yi wata uku ba ta fara yaji, daga yaji sai gaban alƙali, zumuncin da aka so a ƙulla da auren ya tsinke har yau. Iyayen nan duka na san su, babu Harfagon a cikinsu ko guda.

To, ga amsata ga yarana biyu. Kai mutumin Maiyama, ka yi gaskiya, mijin na kirki ne, uban kuma yana son ɗiyarsa. Ke kuma ta layin baya, tambayarki ita ce wasan duka. Ya aika a tambaye ta ran Lahadi, bai jira amsa ba ran Litinin, ya hana ta magana ran Talata, ya binne ta ran Laraba. Ku samari, ran da Allah ya kai ku zaman zaure aka zo neman ɗiyarku, ku ce wa baƙi su je su komo. Ku aiki kakarta ta shiga ɗaki, ku jira ta fito, kāna ku ba da bakinku. Kwana guda Kafulet ya kasa jira.

Allah ya ba iyaye haƙurin saurare, ya ba 'ya'ya ladabin faɗin gaskiya, amin.

Naku,
Malamin makaranta, Jega.